Kamun kifi a tekun Legas: Ranar da sukarin Alhaji ya faɗi muna tsakiyar ruwa

A wannan makon labarin wata tafiya na kawo muku, wadda muka yi ni da abokaina a wata Asabar cikin watan Janairu. Tafiyar ba ta da nisa, don ko Jihar Legas ba mu bari ba, amma har yau idan muka haɗu a majalisa sai zancenta ya taso.

Shekarata 14 ina zaune a Agege. A duk tsawon wannan lokaci, abin da ya haɗa ni da teku bai wuce in tsaya a bakin gaɓa ranar Sallah in riƙe hannun yara in hana su matsawa kusa ba. Na tabbata akasarin 'yan Arewa mazauna Ikko haka suke. Muna cin kifin titus da kote, muna wucewa ta saman gada muna hangen ruwa hagu da dama, amma tsakaninmu da shi sai kallo. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani tun ina yaro shi ne kududdufin bayan gari, shi ma iyayenmu da bulala suke raba mu da shi.

Mu huɗu muka yi tafiyar. Akwai Injiniya, wanda ke aiki a wajen tashar jiragen ruwa ta Apapa, shi ya kawo shawarar kuma shi ya nemo jirgin. Akwai Bakabe, mutumin Argungu, wanda tun da aka fara maganar yake cika mana baki cewa shi a ruwa aka yanke masa cibiya. Sai Alhaji, babbanmu, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, mai shekara kusan 60, wanda ya daɗe yana fama da ciwon sukari. Sai ni. Karo-karo muka yi muka biya kuɗin jirgi da na mai.

Maiɗakina ba ta so tafiyar ba. Ta tuna mini haɗarin kwalekwalen Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya, da na Warrah a Jihar Kebbi a wannan shekarar, da na Patigi a Jihar Kwara a 2023, inda fiye da mutum 100 'yan biki suka rasu. Ban da abin cewa, don duk gaskiya ne. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: in saka rigar kariya daga shiga har fita, kuma in turo mata hoto ta gani da idonta. Na amince.

Bayan sallar Asuba muka kama hanya a motar Injiniya. Da muka hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 12, gari bai gama wayewa ba, ga hazo ya lulluɓe ruwa. Ta ƙasanmu hayaƙin Makoko na tashi daga gidajen katakon nan da aka kafa a kan ruwa, masunta kuma sun riga sun fito cikin ƙananan kwalekwale, kowa na jefa birgi. Bakabe ya leƙa ta taga ya ce ai waɗannan wasa suke yi, su je Matan Fada su ga yadda ake kama giwan ruwa da homa da gora. Muka yi dariya. A cikin motar na miƙa wa Alhaji burodi da shayi a fulas, ya ɗaga hannu ya ce a'a, an gaya masa duk wanda ya cika cikinsa ya shiga teku sai ya amayar. Na ce to, na ci nawa. Ban sake tunanin maganar ba, kuma wannan shi ne kuskurena na ranar.

A wajen Falomo muka shiga jirgin. Ba babba ba ne, irin na roba mai ƙarfin nan ne da inji a baya, da 'yar rumfa da ba ta rufe kowa sosai. Direban mutumin Ilaje ne daga gaɓar Jihar Ondo, mutanen da ruwa ne gonarsu kuma shi ne hanyarsu, tare da wani yaronsa matashi. Kafin ya tayar da inji sai da ya raba mana rigunan kariya, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan igiyoyin yana ɗaurewa. Bakabe ya ce shi ba ya bukata. Direban bai yi musu da shi ba, ya dai zauna ya naɗe hannu, ya ce dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Legas ce, kuma ko babu doka shi ba ya tashi da mutumin da bai saka ba. Daga baya ya yi mana bayanin da ya zauna mini: iya ninƙaya yana amfani ne idan mutum ya faɗa ruwa da hankalinsa. Idan kansa ya bugi gefen jirgi, ko ya suma kafin ya faɗa, to gwaninta ba ta da ranar. Bakabe ya saka yana ƙunƙuni. Na ɗauki hoto na tura gida.

Farkon tafiyar daɗi ne zalla. Ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island a kwance yake kamar tabarma, dogayen benaye na wucewa ta gefe, iska mai sanyi na bugun fuska. Muka fito babbar mashigar jiragen ruwa, Apapa na can hannun dama da ƙarafunan ɗaga kwantena tsaye kamar raƙuman dawa. Wani jirgin dakon kaya ya wuce mu, sai da na ɗaga kai hulata ta kusa faɗuwa kafin in ga ƙarshensa. Wanda bai taɓa ganin irin waɗannan jirage daga ƙasa ba, ba zai gane girmansu a talabijin ba.

Injiniya ne ya zama malaminmu a nan. Ya nuna mana dogayen ganuwoyin duwatsu guda biyu da suka miƙe cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma, jirage na bi ta tsakaninsu. Ya ce Turawan mulkin mallaka ne suka gina su a farkon ƙarni na 20, da duwatsun da aka riƙa ɗaukowa a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, don yashi ya daina toshe bakin mashigar. Aikin ya buɗe wa manyan jirage hanya, amma ya tare yashin da igiyar ruwa ke kaiwa gabas, shi ya sa teku ta yi shekaru tana cinye Bar Beach tana malalowa kan titi. A wurin ne yanzu aka cike da yashi ake gina Eko Atlantic. Ta hannun dama kuma ga Tarkwa Bay, tsibirin da ake zuwa shaƙatawa, wanda a watan Janairun 2020 aka tashi mazaunansa. Daga cikin jirgi wurin ya yi kyau ƙwarai, farin yashi da itatuwan kwakwa, ba ka cewa an taɓa yin kuka a can.

Muna wuce ƙarshen duwatsun nan komai ya sauya. Launin ruwan ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma kore mai duhu, jirgin ya fara hawa yana sauka. Raƙuman ruwan ba masu fashewa ba ne irin na bakin gaɓa, wasu tuddai ne masu tafiya, su ɗaga ka a hankali har ka hango jiragen da suka yi layi suna jiran izinin shiga tasha, sannan su sauke ka cikin kwari ka daina ganin komai sai ruwa. Direban ya ce mu gode Allah, wannan lokacin rani ne teku na barci, mu zo a Yuli ko Agusta mu gani.

Ba mu yi minti 20 a haka ba Bakabe ya yi shiru. Mutumin da tun daga Agege bakinsa bai huta ba. Na waiga na ga ya rungume gefen jirgi, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa masa toka. Can sai amai. Injiniya ya ce, "Sarkin Ruwa, yaya dai? Ko a kawo homa?" Ko ɗaga kai bai iya yi ba.

Tun da filin lafiya ne, bari in ɗan tsaya a nan. Wannan jiri da tashin zuciya ba ragwanta ba ce, kuma ba ruwansa da iya ninƙaya. A can cikin kunnen mutum akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki a tsaye yake ko yana motsi. A cikin jirgi, kunne na cewa ana lilo, ido kuma idan yana kallon ƙasan jirgi ko waya yana cewa a zaune ake. Saɓanin nan ne ke tayar da zuciya. Shi ne dai abin da ke sa yara amai a mota a hanyar zuwa gida hutu. Abin da ke taimakawa shi ne mutum ya zauna tsakiyar jirgi, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya, ya nisanci warin fetur. Wasu citta na yi musu amfani. Akwai magunguna irin su Stugeron da Avomine, amma kafin a shiga ake sha, da kamar awa biyu, kuma suna sa barci, don haka wanda zai yi tuƙi ya kiyaye. Sannan shiga da yunwa ba ya hana amai. Abinci mara nauyi, mara maiƙo, shi ake so.

Direban ya kashe inji a wani wuri da shi kaɗai ya san dalilin zaɓensa, yaronsa ya rarraba mana fatsa. Jatan lande da yankakken kifi ake maƙalawa a ƙugiya, da ɗan dalma mai nauyi da ke jan zaren ƙasa. Aka ce in saki har sai na ji ya taɓa ƙasa, in ɗan ɗago, in jira. Na jira. Rana ta fito sosai, hazon ya washe, gishiri ya bushe a leɓena. Sau uku ina jin an taɓa, in fizgo da ƙarfi, in tarar an cinye jatan landen an bar mini ƙugiya tsirara. Yaron ya yi ta dariya, ya ce kifin Legas ma ɗan Legas ne, ba a yi masa gaggawa.

Injiniya ne ya fara kamawa, wani jan kifi mai manyan idanu. Sai ni na samu kuroka guda biyu a jere, kifin nan mai ruwan azurfa da ake gasawa a gidajen abinci da tsada. Da aka ajiye shi a cikin jirgi sai na ji yana wani gurnani kamar kwaɗo. Ban san sanda na yi ihu ba, ni da 'ya'ya huɗu. Alhaji kuwa ya kamo barakuda, dogo siriri mai haƙora kamar na tsage, yaron ya hana shi kai hannu kusa da bakin, ya buge kan da gora tukuna. Kowane kifi aka cire, nan take yaron ke tura shi cikin kula mai ƙanƙara. Direban ya ce kifin teku idan ya sha rana, musamman dangin titus da tuna, yana tara wani abu da ke sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da gudawa, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe shi. Wannan ya kamata uwargida ta riƙe ko a kasuwa: kifin da ƙanƙararsa ta narke ya yi laushi yana wari, arharsa ba riba ba ce.

Wajen ƙarfe 11 na lura Alhaji ya ajiye fatsarsa. Ya jingina, gumi na keto masa. Na ce, "Alhaji, kai ma ka bi sahun Sarkin Ruwa ke nan?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Muka ɗauka jirin teku ne, Injiniya ya ce ya kalli nesa, muka ci gaba da harkarmu. Wannan minti goma da muka yi muna zolayarsa, har yanzu idan na tuna sai in ji kunya.

Abin da ya farkar da ni shi ne hannunsa. Na miƙa masa ruwa, gorar na rawa a hannunsa har ruwan na zuba a rigarsa. Na taɓa goshinsa, gumin sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Sai ya daka mini tsawa, wai in rabu da shi, wa ya ce a sauke buhunan nan a nan. Babu buhu a jirgin. Kuma a shekarun da na yi da Alhaji bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya yunƙura zai miƙe tsaye, jirgin ya karkata, direban ya yi tsalle ya cafko shi ta igiyar rigar kariya ya zaunar da shi. Ba don rigar nan da aka ɗaure tamau ba, ban san me zai kama ba.

Allah Ya sa ba mu yi nisan da waya za ta daina aiki ba. Na kira Hajiyarsa. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Ya karya kumallo?"

Na ce, "Hajiya, bai ci komai ba."

Ta yi salati. Ta ce, "A gabana ya sha maganinsa da asuba, ya ce mini zai karya a hanya. Ƙanena, sukarinsa ne ya faɗi. Duba aljihun jakarsa na gefe, na saka dabino da sukari mai ƙwaya. Yana iya haɗiya?"

Na ce yana iya, har faɗa yake yi.

"To ba shi yanzu. Kada ka saurari abin da yake cewa."

Na zazzage jakar. Ga su nan a ƙulle a leda, yadda ta faɗa. Da ƙyar muka lallashe shi, Injiniya na riƙe da kafaɗarsa, na saka masa ƙwayar sukari huɗu a ruwa kaɗan na girgiza ya shanye, yaron jirgin ya fasa lemon kwalba ya ƙara masa. Direban bai jira umarnin kowa ba, ya sa aka naɗe fatsa ya juya kan jirgi. Hajiya na kan waya ba ta kashe ba, ina jin tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Bakabe, da ko zama bai iya yi, ya rarrafo ya riƙe ƙafar Alhaji.

Kafin mu kai bakin duwatsun nan, kamar minti 15, sai Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Me ya faru kuka zuba mini ido haka? Ina kifina?" Rawar hannun ta tsaya. Muka ba shi dabino da burodin da ya ƙi ci da asuba, ya cinye tas.

Daga gaɓa asibiti muka wuce da shi, bisa umarnin Hajiya, duk da yana ta cewa ya warke. Likitar da ta duba shi ta yi mana bayanin da nake so duk mai ciwon sukari da iyalinsa su sani. Maganin da Alhaji ke sha, glibenclamide, yana cikin waɗanda ke tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wanda ya sha shi, ko ya yi allurar insulin, sannan ya ƙi cin abinci, ya kuma shiga aikin ƙarfi kamar jan fatsa, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Alamun su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa, jiri, saurin fushi da ruɗewa. Idan aka bari, sai suma ko farfaɗiya, kuma yana iya kisa. Matsalar a teku ita ce rabin waɗannan alamu iri ɗaya ne da na jirin jirgi, shi ya sa muka shagala. Ta ce idan ana shakka, a ba da sukarin, don ɗan abin da aka ba shi ba zai yi illar da rashinsa zai yi ba. Kimanin giram 15 ake so, wato ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari, ko rabin kwalbar lemo mai sukari, ba irin wanda aka rubuta babu sukari ba. A jira minti 15, idan bai dawo daidai ba a ƙara, idan ya dawo a bi shi da abinci mai riƙe ciki. Amma wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ta ƙara da cewa irin wannan magani yana daɗewa a jiki, sukarin na iya sake faɗuwa bayan wasu awanni, don haka ta riƙe shi har bayan La'asar tana gwadawa.

Ta tambaye mu ko akwai wanda ya san irin maganin da yake sha kafin mu tafi. Muka yi tsuru-tsuru. Shekara da shekaru muna cin abinci a faranti ɗaya, mun san yana da sukari, muna ma tsokanarsa idan ya ƙi shan shayi mai zaƙi, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da za a yi idan ciwon ya motsa. Na'urar gwajinsa ma a gida ya baro ta, wai kada ruwa ya jiƙa ta.

Da Magariba muka isa gidan Alhaji da kular kifi. Hajiya ta fito tsakar gida, ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta ce masa uffan ba, ta juyo gare mu ta yi mana sannu da zuwa. Mu da muka san gidan mun san shari'ar sai mun tafi. Aka raba kifi kashi huɗu, har da Bakabe da bai jefa ƙugiya ko sau ɗaya ba. Alhaji ya ce barakudarsa ba mai taɓa ta.

Nawa kason maiɗakina ta yi mana farfesunsa a daren, da citta da masoro da ɗan daddawa, ba ta cika gishiri ba. Yara suka yi ta mamakin wai Baba ne ya kamo da hannunsa, ƙaramar ta ce sai dai in saya na yi a Mile 12. Na nuna mata hoto. Uwarsu ta karɓi wayar, ta wuce hoton kifin, ta tsaya a kan na rigar kariya ta ƙara girmansa tana duba ko igiyar a ɗaure take.

Injiniya ya riga ya fara zancen komawa kafin damina ta sauka. Bakabe ya ce yana da uzuri a ranar, ko wace rana ce. Alhaji kuwa ya ce yana nan, amma Hajiya ta aiko mini da saƙo ta bakin maiɗakina cewa a gabanta zai karya kumallo, kuma jakar dabino da na'urar gwaji ni zan rataya.